Tunjere Mai Ɓad da Kama

Gyambon farko na tunjere ba ya zafi, da kansa yake warkewa. Bayan makonni ko watanni sai cutar ta dawo da wata kama: zazzaɓi, kaluluwa, zubewar gashi nan da can.

A nan Lome, mai shafa man bilicin na kasuwar Assigamé takan ɗauka man ne ya ɓata mata fata, ta sayi wani. Ma'aikacin lafiya, kada ka tsaya a fuska. Duba tafin hannu da na ƙafa. In akwai baƙaƙen ɗigo marasa ƙaiƙayi, a yi gwajin jini, VDRL da TPHA. Allurar penisilin ce maganinta, a yi wa miji da mata tare. Mai ciki kada ta jira, cutar tana kama jariri tun a ciki.