Tasirin Hanyoyin Adana Samfuri a kan Hoton Guringuntsin Gaɓa a Ɗakin Gwaje-gwaje

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda jiƙa samfuri a cikin fomalin da kuma daskarar da shi suke sauya hoton guringuntsin gaɓa. Ta nuna cewa wani ɓangare na abin da na'ura ke nunawa yakan samo asali daga hanyar adanawa, har a ɗauke shi a matsayin alamar cuta.

1.0 Gabatarwa

Guringuntsin gaɓa shi ne farin rufi mai santsi da ke lulluɓe bakin ƙasusuwa a gwiwa da ƙugu. Kaurinsa a gwiwar ɗan'adam yakan kai milimita 2 zuwa 4, kuma ba shi da jijiyoyin jini. Kashi 65 zuwa 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Sauran kuwa zaruruwan kolajin ne da sinadaran furotiyogilaikan, waɗanda su ne ke riƙe ruwan. Raguwar waɗannan sinadarai tana cikin alamomin farko na amosanin gaɓoɓi, shi ya sa masu bincike suke bibiyarsu.

2.0 Jiƙawa a Fomalin

Tun shekarar 1893 Ferdinand Blum na ƙasar Jamus ya bayyana amfanin wannan sinadari wajen adana nama. Aikinsa shi ne ɗaure furotin da juna don hana ruɓewa. Sai dai na'urar hoton maganaɗisu, wato MRI, da ruwan cikin samfuri take aiki. Idan fomalin ya ɗaure furotin, yanayin motsin ruwan yakan canza, sai lokacin dushewar sigina da ake kira T2 ya gajarta. Saboda haka, kwatanta adadin da aka samu daga jiƙaƙƙen samfuri da na sabo kuskure ne.

Haka kuma, kafin a yanka samfuri siriri don duba shi a madubin likita, akan tausasa ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Asid mai ƙarfi yana da sauri, amma yakan wanke furotiyogilaikan, sai jan rinin Safranin O ya koɗe, lafiyayyen guringuntsi ya yi kama da mai cuta. Sinadarin EDTA yakan ɗauki makonni, amma ɓarnarsa ba ta kai haka ba.

3.0 Daskararwa

Akan ajiye samfuri a digiri 20 ko 80 ƙasa da sifili. Ƙanƙarar da ke fitowa a cikinsa takan kashe ƙwayoyin halitta, ta kuma buɗa tsakanin zaruruwa. Illar takan ƙaru idan ya narke ya sake daskarewa sau da yawa, lamarin da ke faruwa ba tare da sanin mai bincike ba a wuraren da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa.

4.0 Kammalawa

Babu hanyar adanawa da ke barin guringuntsi yadda yake a jiki. Abin da ya wajaba shi ne a ɗauki hoton samfuri tun yana sabo idan da hali, a adana duk samfuran da za a kwatanta ta hanya ɗaya, sannan a bayyana nau'in sinadari da tsawon lokacin ajiya da yawan narkewa a cikin rahoton bincike.