Bayani A Kan Kalmar "Amin"

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, baitin ƙarshe na ƙasidar nan ya cika da "Amin". Da na so in wuce shi, sai wani almajirina a zangon Kumasi ya zo mini da damuwa. Wai ya ji maƙwabtansa Kiristoci suna cewa "Amen" a cocinsu, aka kuma ce masa tasu ce muka ara, har ya fara jin nauyin faɗarta bayan Fatiha.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Larabci da Ibrananci da Suryananci 'yan ɗaki ɗaya ne. Tushen kalmar a cikinsu duka haruffa 3 ne: hamza, mim, nun, ma'anarsa tabbata da amincewa. Bani Isra'ila in sun ce "amen", nufinsu "haka ne, ya tabbata". A littafi na 5 na Attaurar da ke hannunsu, babi na 27, jama'a sun amsa da ita sau 12. Daga nan ta shiga Girkanci da Latin, har ta iso Turanci. Ashe Nasara ma gadonta suka yi.

Mu kuwa Annabi ne ya koya mana ita. Malaman nahawu suka ce ismu fi'ili ce, watau "Ya Allah ka karɓa". Waɗansu sun ce baƙuwa ce a Larabci, don ma'auninta irin na Habila da Ƙabila ne. To amma dubi danginta: imani, amana, mumini, Al-Aminu. Mu Hausawa muka samo amini da aminiya da aminci da amincewa. Masu danganta ta ga Amun, gunkin mutanen Fir'auna, kamar sauti ce ta ruɗe su. Sunan gunkin ma'anarsa "ɓoyayye".

Abin da ya fi damuna shi ne lafazi. Ka ja hamzar ko ka gajarta ta, duka sun inganta. Amma kada ka sa shadda a kan mim, domin "Aammin" ma'anarta "masu nufin wani wuri", kamar yadda ta zo a farkon Suratul Ma'ida. Ina jin wannan kuskure a sahu sau da yawa, har daga bakin dattawa.

Ba aya ba ce cikin Fatiha, shi ya sa ba a rubuta ta a Mushafi. A mazhabarmu ta Imamu Malik a ɓoye ake faɗarta: mai salla shi kaɗai da mamu su faɗa, liman kuwa sai a sallar da ake asirce karatu.