Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutata tana maƙalewa wajen tashi

TAMBAYA: Ni malamin sakandare ne a Belbeji. Ina da kwamfutar cinya ta hannu da na saya a Damagaram, Windows 10 ne a kanta. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai a jikin caja take aiki. Ran nan ina cikin shigar da makin ɗalibai wuta ta ɗauke, ita ma ta mutu nan take. Tun daga ranar, in na kunna ta sai tambarin kamfanin ya fito, ƴan ɗigon nan su yi ta juyawa, can kuma su tsaya cik. Wani yaro mai gyaran waya ya ce ba abin da za a yi mata sai fomat. To makin ɗalibai da jarrabawar da na tsara duk suna ciki. Don Allah me ya same ta, kuma akwai abin da zan iya yi da kaina kafin in ɗauke ta zuwa birni?

AMSA: Kafin komai, kada ka yarda a yi fomat ɗin nan. Fomat shafe faifan ajiya ne a sake zuba Windows, kuma wanda ya fara da shi alhali takardunsa na ciki ya ƙona rumbu ne don ya kashe ɓera. Alamun da ka bayar suna nuna takardunka na nan. Windows ne ya kasa kai ka wurinsu.

Ka yi daidai da ka faɗi wurin da take tsayawa, domin rabin binciken ke nan. Tashin kwamfuta hawa-hawa ne. Da ka danna maɓalli, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin injin, BIOS ko UEFI a sababbi, ita ke fara farkawa ta duba sassan: ram yana nan? Allon rubutu fa? Akwai diski, wato faifan ajiya? In ta gamsu sai ta miƙa wa Windows ragama, shi kuma ya shiga karanto kansa daga diski. Ɗigon da ke juyawa alama ce cewa an riga an yi wannan miƙawar. Da kwamfutarka ba ta nuna komai, ko tana ƙara ɗit-ɗit da baƙin allo, da sai mu zargi ram ko uwar injin. Taka ta wuce nan. Abu biyu ne suka fi yiwuwa: ko wasu fayilolin Windows sun lalace, ko diskin kansa ya ji ciwo. Ɗaukewar wuta tana iya jawo kowanne. Yawancin tsofaffin kwamfutocin cinya suna da faifai ne mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke rubutu a kansa. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, abin da ake rubutawa ya tsaya rabi, kuma idan fayil ne da Windows ke buƙata wajen tashi, nan zai riƙa tuntuɓe kullum.

Fara da abin da ba ya cin ko dala. Cire duk abin da ke maƙale a jikinta: filas, linzami, modem, injin buga takarda, har ɗan katin ajiya da ake mantawa a gefe. Cire caja, in batirin mai fita ne ka zare shi, ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30. Sai ka mayar da caja kaɗai, ba batir, ka kunna. Mataccen batir yakan jawo rikici da kansa. In ɗigon suna juyawa ba su tsaya ba, ka ba ta lokaci, ko da awa ɗaya ce, don wani lokaci Windows gyaran kansa yake yi a ɓoye, mu ne muke katse shi saboda gajen haƙuri. Ka kuma kanga kunne kusa da ita a wuri mara hayaniya. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas yana maimaituwa, kashe ta, kada ka sake kunnawa. Wannan kukan diski ne mai mutuwa, kuma duk kunnawa ƙara masa rauni take yi.

In ba ka ji wannan ƙarar ba, gwada lafiyar diskin. Manyan kamfanoni sun saka abin gwaji a cikin injin, ba ya buƙatar Windows ko intanet. A HP, da ka kunna ka riƙa danna Esc, sannan F2. A Dell kuwa F12 ne, ka zaɓi Diagnostics. Gwajin zai duba ram da diski ya faɗa maka ko sun ci ko sun faɗi.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci, wato ceto makin ɗalibanka. Kunna ta, da ɗigon sun fara juyawa ka danne maɓalli har ta mutu. Maimaita. A karo na uku Windows 10 yakan gane cewa tashi ya gagara, ya buɗe shuɗin shafin gyara. Tun da kwamfutocinmu a Nijar galibi da Faransanci suke, zan ba ka sunayen yadda za ka gan su: "Réparation automatique", sai "Options avancées", sai "Dépannage", sai kuma "Options avancées", ka zaɓi "Invite de commandes". Wani baƙin akwati zai buɗe. Soka filas, ka rubuta notepad ka danna Entrée. A cikin shafin rubutun da ya fito, je "Fichier", "Ouvrir", ka sauya nau'in fayil zuwa "Tous les fichiers". Ga ka a cikin diskinka. Nemo jakar Users ko Utilisateurs, sai sunanka, sai Documents da Bureau. Danna dama a kan jakar da kake so, "Copier", ka koma kan filas, "Coller". Abu biyu za su iya ruɗa ka. Diskin da ka saba gani da harafin C yana iya fitowa da D ko E a nan. Sannan sau da yawa ba ya nuna maka ana kwafewa, sai ka ga kamar ya daskare. Bar shi ya gama. Fara da makin da jarrabawar, hotuna da waƙoƙi su jira.

In wannan shafin ya ƙi buɗewa, akwai hanya biyu. A samu filas mai Ubuntu, wata manhaja da ke tayar da kwamfuta a madadin Windows, a tayar da kwamfutar da shi ba tare da an girka komai ba, a kwashe takardun. Ko a kwance diskin, wanda a tsofaffin kwamfutoci ƴan kusoshi kaɗan ne ke riƙe da shi, a saka shi a ɗan akwatinsa mai USB a jona da wata kwamfutar. Duk wanda ke gyaran kwamfuta da gaske ya san wannan, kuma aiki ne na ƙasa da yini.

Sai takardu sun tsira za a shiga gyara. Koma shuɗin shafin nan ka gwada "Outil de redémarrage système". In bai yi ba, je "Paramètres", "Redémarrer", ka danna F4, wato "Mode sans échec". Na ce F4 ne ba 4 ba, don a allon rubutu irin na Faransa lambobin sama sai da maɓallin Maj suke fita. A wannan yanayin Windows yana tashi ne da ƴan abubuwan da ba makawa kawai. In ya tashi a haka, to mai yiwuwa injin lafiya lau, wata manhaja ce ko sabuntawa ke tare hanya, kuma "Restauration du système" ko "Désinstaller des mises à jour" na iya mayar da ita yadda take. Kada ka raina wannan hanyar. Ranar 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta hana kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 tashi, a ƙiyasin Microsoft, filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya, kuma maganin da aka ba ƙwararru shi ne su shiga wannan yanayin su goge fayil ɗaya. In "Mode sans échec" ɗin ma ya maƙale, koma baƙin akwatin ka rubuta chkdsk c: /f, da harafin da ka ga diskinka ya ɗauka. Da gangan na ajiye wannan umarnin a ƙarshe. Yana wahalar da diski, kuma in mai rauni ne yana iya ƙarasa shi.

Wani abu da ake yawan mantawa a kwamfutocin gwanjo shi ne ɗan batirin da ke riƙe agogo da saitin BIOS, galibi CR2032 mai bolt 3, kamar kwabo. In ka shiga BIOS ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, ya ƙare, kuma saitin diski na iya sauyawa tare da shi har Windows ya kasa gane diskinsa.

Zafi da ƙura ban sa su a gaba ba, don matsalarka da yankewar wuta ta fara, kuma zafi ya fi sa kwamfuta ta mutu da kanta ana cikin aiki. Amma a yankinku na Damargu ba a kawar da kai daga gare su. Hazon hunturu yana cika fanka da ƙura, sannan bazara ta zo a Afrilu da Mayu da zafin da ke haura digiri 40. A buɗe a hure ta kowace shekara kafin bazara, kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko bargo, don ta ƙasa take shan iska.

Hukuncina, Malam: in gwajin diski ya ci, da wuya ka buƙaci tafiya, abin zai gyaru a ɗakinka. In ya faɗi, fomat ba zai warkar da shi ba, ko ta tashi yau za ta sake kwantawa. Ko daga Tanut, Damagaram ta haura kilomita 130, don haka in tafiyar ta kama ka yi ta sau ɗaya: ka sa a saka maka diski irin SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, ya fi sauri kuma ya fi jure girgizar hanya, ka kuma sayi batir. Kwamfutar cinya da ba batir a wurin da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, wannan ciwon zai dawo mata. Ka kuma sani Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, sai ka tambayi mai gyaran ko injinka zai ɗauki Windows 11.

Daga yau duk ranar da ka shigar da maki, ka kwafe a filas ka kuma tura wa kanka ta waya kafin ka tashi. In gwajin ya fitar da wata lamba ko saƙon da ba ka gane ba, ɗauki hotonsa ka aiko mana.