Ƴar tsana mai gaɓoɓi da wuyar ɗumka mata riga

A ƙasar Japan akwai wata irin ƴar tsana wadda ba a ba yara. Manyan mutane ne ke sayen ta, maza da mata, masu aiki da iyali. Wani sai ya yi watanni yana tara kuɗɗi kafin shi samu guda. In ta zo hannunshi, shi yi mata fuska, shi sa mata idanu da gashi, shi ɗumka mata tufafi. Wanga abu ya bazu har Koriya ta Kudu da Sin da Amurka da ƙasashen Turai. Mu da muka saba da ƴar tsanar kara da tsumma, wadda ɗiya mata ke goyawa a baya, muna iya cewa wannan rashin aikin yi ne. To, ku dakata tukuna. Cikin wasan nan akwai lissafi. Akwai kuma wata matsala ta ɗumki wadda ko tsohon tela sai ya tsaya ya yi tunani a kanta.

Ku miƙe hannunku, ku lanƙwasa shi. Wurin da ya lanƙwashe shi ne gaɓa. Ƴar tsanar nan tana da gaɓa a wuya, da kafaɗa, da gwiwar hannu, da wuyan hannu, da cinya, da gwiwa, da idon sawu. A kowace gaɓa akwai wani dunƙule kamar ƙwallo, yana zaune cikin gurbinshi yana juyawa. Jikin ba cike yake ba, rami ne a ciki. Igiyar roba mai kauri ta ratsa ramin daga ƙafafu har zuwa kai, wata kuma daga hannu zuwa hannu. Cikin kan akwai ƙugiyar ƙarfe mai siffar harafin S, ita ke riƙe igiyar. Robar nan ce ke jan gaɓoɓin su matsu da juna. Shi ya sa ƴar tsanar take iya zama, ta tsaya da ƙafafunta, ta ɗaga hannu ta bar shi a sama. In robar ta tsufa ta saki, sai ta yi ta faɗuwa, dole a sake wata.

Da wani ruwa mai kauri ake yin jikin, sunanshi rezin. Ana zuba shi cikin mazubi, kamar yadda masu zubin tukwane ke yi a kasuwa, sai shi daskare shi yi tauri da santsi kamar tangaran. Mazubin ba ya daɗewa yake lalacewa, kuma aikin na hannu ne. Don haka ba a yin su dubu-dubu kamar ƴan tsanar roba na kanti.

Dabarar gaɓa mai ƙwallo ba sabuwa ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1800 ana yin ƴan tsana masu kan tangaran da irin waɗannan gaɓoɓi a Faransa da Jamus. A shekarun 1930 wani Bajamushe mai suna Hans Bellmer ya yi nashi manya, ya ɗauke su hoto, daga baya masu fasaha na Japan suka ga hotunan suka ɗauki dabarar. Amma wadda muke magana a kanta ta fito ne a 1999, lokacin da wani kamfani na birnin Kiyoto mai suna Volks ya fara saida wata da ya kira Super Dollfie. Bayan ƴan shekaru kamfanonin Koriya ta Kudu suka shiga, sannan na Sin.

Kuɗɗinta fa? Babba guda tana kai dalar Amurka 500, wata ta wuce haka. Ba dalarmu ta tamma biyar nike nufi ba! In an juya, ana maganar wajen jika 300. Sau da yawa sai an biya sannan a zuba ta, mai saye shi yi watanni yana jira. Tsadar nan ta jawo ɓarayin zubi. Suna sayen ta ainihi guda, su yi mazubi da ita, su saida jabu da araha. Wanda ya yi watanni yana sassaƙa fuskar farko ba ya samun ko tamma. Masu son wannan wasa suna jin zafin abin ƙwarai, har taruka da yawa nasu ba a yarda a shigo da jabu. Ni dai ina ganin suna da gaskiya. Wanda ya taɓa yin aikin hannu ya san zafin a kwashe mishi guminshi.

Da yawansu ana saida su ba gira, ba launin leɓe, ba gashi. Bisan kai yana buɗewa kamar murfin tukunya, mayen ƙarfe ke riƙe shi. Ta nan ake sa idanun gilashi, a liƙe su daga ciki da wani abu mai danƙo. Har idanun ma awo gare su: na babba yakan zama milimetir 16 ko 18. Gashi kuwa hula ce, yau baƙi, gobe fari. Mai yin fuska yana fara fesa wani magani da ke sa launi shi kama. Sannan shi kankare alli mai launi, shi shafa garin a kumatu kaɗan-kaɗan, shi zana gira gashi ɗaya-ɗaya, shi sake feshi. Ba a taɓa ta da jan baki ko kwalliyar mata, don akwai mai a cikinsu, mai kuwa yana shiga cikin rezin shi ƙi fita. Feshin nan da ƙurar rezin suna cutar huhu. A fili ake yi, da abin rufe hanci da baki.

Yanzu mu zo ga ɗumki, wanda shi ne zancenmu.

Ku ɗauki alli. Dogon namiji mai santimetir 180, in an raba tsawonshi gida 3, nawa ke nan? 60. Tsawon babbar ƴar tsana ke nan, wajen santimetir 60. In an raba gida 4, an samu 45, ita ce matsakaiciya. In an raba gida 6, an samu 30, ita ce ƙarama. Da waɗannan lambobi masu wasan ke kiran su: kashi ɗaya cikin uku, kashi ɗaya cikin huɗu, kashi ɗaya cikin shida.

Wani zai ce, ai shi ke nan, ɗumkin ya yi sauƙi. A ɗauki awon mutum, a raba uku, a yanka ƙaramin ƙyalle. Ina! Ga inda gizo ke saƙa: ƴar tsanar ta ƙanƙance sau uku, amma yadi bai ƙanƙance ba. Masaƙa ta saƙa shi ne don mutum. Kaurinshi na nan yadda yake. Saboda haka a jikin ƴar tsana kowane yadi kamar ya riɓa kauri sau uku ne. Yadin da ke zuba lumui a jikinki, in kin ɗumka mata shi sai shi tsaya ƙiƙam kamar buhu. Shadda mai ƙauri da sitati kuwa sai ta zama kamar kwali. Dole a nemi yadi marar kauri, mai laushi, irin na ɗan kwali ko na hankici. Tsohon yadi da ya sha wanki ya fi sabo daɗin aiki.

Haka zanen da ke jikin yadi. Fure mai faɗin santimetir 15 a atamfa yana da kyau a jikin mace. A jikin ƴar tsana daidai yake da fure mai santimetir 45, ya cinye ƙirji da ciki gaba ɗaya, ba mai gane mi aka zana. Sai a zaɓi mai ƙananan ɗigo ko siraran layuka. Maɓalli mai milimetir 12 ya kamata shi koma 4. Wannan kusan ƙwayar dawa ce. Wasu sukan sa ɗan tsakiya a madadinshi don ado, su ɓoye maɓallin gaskiya a baya. Zare ma sai siriri, allura siririya.

Kada kuma a dogara ga rabawa uku kaɗai. Lissafin yana gwada hanya ne, amma ƴar tsanar ba mutum ba ce cif. Kanta ya fi namu girma in an kwatanta da jiki, ƙafafunta sun fi tsawo, ƙugunta ya fi tsukewa. Biyu masu tsawo ɗaya daga kamfani biyu, rigar wannan ba lalle ta shiga waccan ba. Sai an auna kowace da metir, an rubuta: ƙirji kaza, ƙugu kaza, hannu kaza. A jikin mutum in tela ya kuskure santimetir ɗaya, ba mai lura. A nan santimetir ɗaya yana hana riga rufewa.

Akwai wata dabara mai kyau da suke yi don fitar da siffar riga. Suna naɗe jikin ƴar tsanar da leda marar kauri. Bisa ledar su liƙa takarda mai danƙo, irin ta liƙe kwali, har ta rufe ƙirji da baya. Su zana inda ɗumki zai bi, su yanke da almakashi a hankali kada su karce jikin. Abin da aka cire a shimfiɗa shi bisa takarda, a bi gefenshi da alƙalami, a ƙara milimetir 5 kewaye don wurin ɗumki. An samu siffar da ta dace da wannan jiki daidai.

Wurin sa riga ma akwai magana. Mutum in zai sa riga yana sunkuyar da kai, shi matse kafaɗa, shi tattara yatsu. Ita ba ta taimakon kowa. Kafaɗarta ba ta matsuwa, yatsunta a baje suke, suna sarƙewa cikin hannun riga, in an ja da ƙarfi yatsa shi karye. Shi ya sa yawancin rigunan ana tsaga su ta baya, daga wuya har ƙasa. In hannun rigar matsattse ne, sai a cire tafin hannun daga ƙugiyarshi, ko a sa mishi ƴar leda shi zame. Wando kuwa ana gwada shi a tsaye, a kuma gwada shi a zaune. Wanda ya yi kyau a tsaye yana iya zamewa ta baya in ta zamna, ko shi shige cikin gaɓar cinya shi maƙale.

Ramin hannun riga bai fi a zura yatsu biyu ba, ba ya shiga ƙarƙashin ƙafar keke. Don haka ana haɗa hannu da kafaɗa tun rigar tana a shimfiɗe, sannan a rufe gefe da ɗumki guda, daga bakin hannu har gindin riga. Keke kuma yana son haɗiye ƙaramin ƙyalle, shi tura shi cikin ramin allura. Maganin abin, a sa takarda marar kauri ƙarƙashin ƙyallen, a ɗumke su tare, a yage takardar daga baya. Wurare da yawa dai sai allurar hannu. Kowane ɗumki a goge shi nan take, in ba haka ba shi kumbura.

Kun gani ke nan, yadi kaɗan ne amma aiki bai ragu ba. Rigar tana da wuya da hannu da aljihu kamar ta mutum, kuma yatsun mai ɗumki ba su ƙanƙance ba. Masu gwaninta suna saida irin waɗannan tufafi ta intanet, wani lokaci rigar ƴar tsana ta kai kuɗɗin rigar mai ita. Ba yadi ake biya ba, lokaci da ido ake biya.

Saura babban haɗari, wato rini. Kun san turkuɗi, kun san baƙin rawani mai shuni, yadda yake barin launinshi a goshi da wuya. Mu mukan yi wanka da sabulu, kwana biyu ya fita. Wasu ma ado suke ɗaukar shi. Rezin ba haka yake ba. In baƙin yadi ko ja ko shuɗi mai zuba ya daɗe a jikinshi, launin yana shiga ciki. Wani tabon yana fita da wahala, wani sai an goge wurin da takarda mai kaushi, an ci jikin. Ku duba: ƙyallen dala ashirin ya ɓata kayan jika 300. Don haka kafin almakashi shi taɓa yadi mai duhu, ana wanke shi, a sake wankewa, har ruwan shi fito garau. In ya bushe a jiƙa farin ƙyalle a goga a kai. In farin ya ɗauki launi, yadin bai shirya ba. Ko ya ci wannan gwaji, masu hankali suna yi mishi shafi da farin yadi daga ciki, kuma ba su barin baƙar riga a jikinta wata da watanni. Hular gashi mai baƙin ciki ma tana yin tabo a kai. Rana kuwa tana mai da farin rezin ruwan ɗorawa, shi ya sa ake ajiye ta a inuwa, nesa da taga.

Ga aiki kafin haɗuwarmu ta gaba. Kowa shi samu metir wurin tela ko wurin maƙwabci. Ku auna hannunku daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ku rubuta lambar cikin littafinku. Ku raba ta gida 3, ku sake raba ta gida 6. Sannan ku nemi ƙyallaye uku daban-daban cikin ragowar tela, ku rataya kowane bisa yatsa guda, ku dubi wanda ya zuba ƙasa da wanda ya tsaya a sandare. Ku zo da su aji. Wane ne cikinsu za ku zaɓa ma ƴar tsana mai santimetir 30, kuma don mi?