Gadon Iri: Darasi Daga Kabeji Zuwa Auduga

Manomi, ka san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, haka shuka take. Kowace ƙwayar iri tana ɗauke da gado biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Uban shi ne garin fure, wanda ƙudan zuma ke kwasa daga wannan fure zuwa wancan.

Dubi kabejin da ake nomawa a lambu da rani. Shi da farin kabeji asalinsu ɗaya ne, wani ganyen daji na bakin teku a Turai. Mutanen dā suka yi ta zaɓe, wasu suna ajiye irin mai dunƙulen ganye, wasu na mai dunƙulen fure, har suka rabu. Amma in suka yi fure kusa da juna, zuma ta haɗa su, 'ya'yan sai su fito barkatai.

A 1866 wani malamin coci, Gregor Mendel, ya bayyana dalilin. Ya haɗa dogon wake na Turai da gajere. 'Ya'yan fari duka suka fito dogaye. Da ya shuka irinsu, sai cikin kowane huɗu, wajen uku dogaye, ɗaya gajere. Watau gajarta ba ta ɓace ba, ɓuya ta yi. Shi ya sa irin kabeji da aka rubuta wa F1 yakan fito bai ɗaya, amma jikokinsa su bambanta.

Yanzu sai auduga. Yawanci furenta yakan wadatu da garin kansa, amma zuma tana kawo na wata gona. A farkon shekarun 1950 kamfanin CFDT na Faransa ya soma aikin auduga a arewacin Kamaru da irin Allen, mai asali daga Amurka. A 1974 Sodecoton ta gaje shi, hedkwatarta tana Garwa. Iri-irin da ake kira IRMA kuwa a Marwa aka zaɓo su, bayan gwaji na shekaru, domin tsawon zare da yawan kaɗa bayan gurza. In suka gauraya da wani iri, zaren ba zai zo daidai ba, darajar audugar ƙauyenku kuma ta faɗi.

Saboda haka ka riƙe waɗannan:

1. Shuka irin da aka raba maka bana kaɗai.
2. Kada ka cike gurbi da anguryar kasuwa ko wadda aka gurje a gida.
3. Kada ka zuba iri a buhun da ke da ragowar wani.
4. In ka ga tsiron da kamanninsa suka bambanta, cire shi tun bai yi fure ba, ka nuna wa malamin gona.

Abin da ka shuka shi za ka girba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.