Kafin ku ɗaga guduma

Yarana masu koyon gyaran jikin mota a nan Soron Ɗinki, ku matso mu yi magana a kan tsohuwar Land Rover, irin wadda ake kawo muku ƙofarta ta sauka, sai an ɗaga ta da gwiwa kafin ta rufu. Na lura hannunku na saurin kaiwa ga guduma. Ku dakata tukuna, don sau da yawa ƙofar ba ta da laifi.

Tun da aka fara ƙera motar nan a Ingila a 1948, jikinta alminiyum ne, shasinta kuwa ƙarfe. Alminiyum ba ya son duka. Yana miƙewa, ya taurare, ya tsage. In kun kai masa wuta kuma, ba ya yin ja ya gargaɗe ku, sai dai ku ga rami, don wajen digiri 660 yake narkewa.

Ku fara da wurin ajiye ta. Lungunanmu na cikin birni ba su da daidaito, mota a karkace kuwa awonta ƙarya ne. Ku samu daɓe shimfiɗaɗɗe, ku daidaita iskar tayoyi, sannan ku shiga ƙarƙashi da fitila. Akwai bangon ƙarfen da ya raba inji da direba, shi ke ɗauke da ƙofofin gaba, ƙafafunsa kuma a kan hannuwan shasi suke zaune. Can laka take maƙalewa, tsatsa ta ci ƙarfen a hankali, bangon ya sunkuya, ƙofa ta bi shi. Ku ƙwanƙwasa wurin da sufana ku saurara: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa ƙal, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi ɗuf yana zubar da gari. In haka ne, aikin mai walda ne farko.

In ƙasa lafiya, ku riƙe gefen ƙofar ku jijjiga ta sama da ƙasa. Ta yi wasa? Hinjin ya cinye, ku je Ƙofar Ruwa ku nemo wani. Daga nan ku ja zare tun daga jikin baya har gaba, ku sassauta notuna, ku sa washa ɗaya ko biyu inda ake buƙata, ku rufe ku duba, ku sake. Tazarar ta zama ɗaya sama da ƙasa, yadda tela ke daidaita wuyan riga. Makulli shi ne na ƙarshe.

Abin da ya fi damuna shi ne cike giɓi da fila a shafe da fenti. Mai motar nan ƙauye zai shiga da ita, wataƙila da mara lafiya a baya. Gargada za ta fasa filar kafin damina ta wuce, ƙurar hunturu ta cika masa mota. Ku gaya masa gaskiyar abin da kuka gani a ƙasa da kuɗin da zai ci, ko da zai ce sai wata mai zuwa.