Matsayin Hatsi da Ganye a Cimar Bahaushe

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan masana lafiya da masana muhalli, musamman na Turai da Amurka, sun duƙufa wajen kiran jama'a su rage cin nama su koma ga abin da ƙasa ke tsirarwa. Kiran ya daɗe. Tun a 1847 aka kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa nama a Ingila, a 1944 kuma wasu suka ware suka kafa tasu, wadda 'ya'yanta ba sa taɓa ko da madara da ƙwai. Amma alƙaluman bincike ne suka ƙara masa ƙarfi daga baya. A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kiwon dabbobi ne ke haddasa kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya. A 2019 wani kwamitin masana 37 ya ba da shawara a mujallar Lancet cewa jan naman da mutum zai ci ya tsaya a wajen giram 14 a yini, watau abin da bai cika giram 100 ba a mako.

Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗora wannan kira a kan cimar Bahaushe ta gargajiya, ta duba inda suka dace da kuma inda suka saɓa.

Shaidar harshe

Duk wanda ya ƙididdige sunayen abincin Hausa zai tarar mafi yawansu daga gona suka fito. Akwai tuwon dawa da na gero da na masara, da fura, da koko, da kunun tsamiya da na kanwa da na gyaɗa, da dambu, da fate, da waina. Wake shi kaɗai ya ba da ƙosai da alala da ɗanwake da garau-garau. Miya kuwa da sunan ganyenta ake kiranta, ko da an jefa tsoka a ciki: miyar kuka, miyar kuɓewa, miyar karkashi, miyar yakuwa, miyar lalo. Wannan ya nuna cewa a tunanin mai girki ganyen ne miya, naman ƙari ne.

Kada a ɗauka daga nan cewa Bahaushe ya raina nama. Karin magana ya ce tuwon girma miyarsa nama, kuma idan aka so a kwatanta ɗan da iyaye ke ji da shi don shi kaɗai gare su, sai a ce kamar tsoka ɗaya a miya. Kwatancen ba zai yi ma'ana ba sai a gidan da aka saba ganin tsoka ɗaya tak a tukunya. Ga talakan ƙauye nama abin ranar kasuwa ne, da ranar suna, da Babbar Salla. Abin da masanan Lancet suka tsara da sikeli, hali ya riga ya tsara wa manomin Katsina da na Damagaram, ko da yake shi bai zaɓa ba.

Hikimar haɗi

Hatsi yana ɗauke da sinadarin gina jiki, sai dai akwai wani ɓangarensa da ake kira laisin wanda ya yi ƙaranci a gero da dawa da masara. Wake yana da laisin a wadace, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne. Abin da shi kuma waken ya gaza a kai, hatsi yana da shi. Saboda haka mai shan koko da ƙosai da safe, da mai cin shinkafa da wake da rana, sun cike giɓin da kowanne daga cikin biyun zai bari idan aka ci shi kaɗai. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan wake, Nijar ke bi mata.

Daddawa ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne aikin mata ya fi fitowa fili. Ana dafa kalwa, watau ƙwayar ɗorawa, na tsawon sa'o'i har ɓawonta ya yi laushi, a surfa, a wanke, a sake dafawa, sa'an nan a rufe ta da ganye a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. A cikin waɗannan kwanaki wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke narkar da sinadarin gina jikin da ke cikinta, su mayar da ƙwayar da ba ta ciwuwa ta zama abin da ciki ke karɓa, mai ƙamshin da ke tsaya wa miya a madadin romo. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a shanya, ta yi watanni ba ta lalace ba. Irin wannan tsimi ne kuma ake yi wa gasarar koko, kuma yana rage wani sinadari na hatsi da ke hana jiki zuƙar ƙarfen da jini ke bukata.

Ganyaye ma haka. Busasshen ganyen kuka yana da sinadarin ƙarfafa ƙashi, garin 'ya'yanta kuma yana da bitamin C mai yawa, har Tarayyar Turai ta yarda a 2008 a sayar da shi a kasuwanninta a matsayin sabon abinci. Sabo a can ke nan. A nan yara sun daɗe suna tsotsarsa. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli ya haɗa ganye da gyaɗa da albasa a akushi ɗaya, amma har yanzu akwai masu kallonsa a matsayin abin marmari na mata ko abincin marasa hali, wanda kuskure ne babba.

Inda kiran bai dace ba

Masu wannan kira suna magana ne da mutanen da nama ya yi wa yawa. A ƙasar Hausa matsalar yara ƙanana ta sha bamban. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Yaron da aka yaye a kan tsinkakken koko zalla yana bukatar nono da ƙwai da ɗan kifi. Akwai kuma bitamin B12 wanda ba a dogara da tsirrai wajen samunsa, kuma rashinsa yana taɓa jini da jijiya. Fura da nono, wadda ta haɗa geron Bahaushe da nonon Bafulatana a ƙwarya ɗaya, tana toshe wannan kafa, don haka wanda zai ce a bar ta saboda muhalli bai san wurin da yake magana a kansa ba.

Haka nan dabba a gonar Bahaushe ba daidai take da saniyar da ake turkewa dubbai ana ɗura mata masara da waken soya a Amurka ba. A karkarar Kano, inda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana bincike, manomi yana shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya. Saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Bayan girbi a ɗaure harawa a ajiye wa awaki da tumaki, su kuma su ba da taki a kwasa a mangala a mayar gona. Dabbar tana cin abin da mutum ba ya ci, tana kuma ciyar da ƙasar da ke ciyar da shi. Da wannan zagaye ne aka yi ta noma gonaki ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba.

Inda kiran ya dace shi ne birni. A can farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba sun ture gero da dawa, tsire da balangu sun zama abincin kowane dare ga mai hali, hawan jini da ciwon sukari kuma sun yawaita. Gero yana nuna a ƙasa mai yashi da ɗan ruwan saman da shinkafa ba za ta rayu a kai ba, kuma darajar irinsa ce ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don gero da danginsa.

Itacen gona

Miyar gargajiya a kan itace ta dogara, shi ya sa manomin da ya gaji noma ba ya sare kuka da ɗorawa da tsamiya idan yana sharar gona. Gawo ma ana barinsa, domin yana kakkaɓe ganyensa da damina, bai tare wa shuka rana ba, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. A lokutan fari irin na 1973 da 1984 ganyen daji kamar tafasa da yaɗiya, da 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwanaki don a cire ɗacinsu, su suka riƙe gidaje da yawa.

A jihar Maraɗi, daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya shiga ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututturen itatuwan da aka sare, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu su rena. Dabarar ta bazu daga gona zuwa gona har Damagaram, kuma an ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ɗorawa dai ta fi son ƙasar da ke kudu da nan, inda ruwa ya fi yawa, kuma a can gatarin masu gawayi ne ke bin ta. Ɗunƙulen ɗanɗano na kanti, wanda gishiri ne mafi yawansa, ya rage wa daddawa kasuwa a birane, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5. Idan kalwa ta daina kawo kuɗi, mai gona ba shi da sauran dalilin hana a sare itacen.